Babi na Tara: Harbin, Birnin da Ke Girbin Ƙanƙara

A farkon watan Disamba, tun kafin gari ya waye, za ka hangi fitilu suna motsi a tsakiyar kogin Songhua. A wannan lokaci babu ruwan da jirgi zai bi, domin kogin ya daskare daga wannan gaɓa har waccan, ya yi taurin da mota za ta hau ta yi tafiyarta. Masu girbin ƙanƙara ne suka fito aiki. Da yawansu manoma ne da masunta daga ƙauyukan kewayen Harbin, waɗanda gonakinsu suka kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ba za su sake shiga gona ba sai wajen Afrilu ko Mayu. Sukan fara da ja wa kogin layi, tsaye da kwance, sannan a turo injin zarto ya bi layin yana tsagawa. Sai maza su jeru da dogayen sandunan ƙarfe masu tsini, ɗaya yana ba da murya, su soka a tare, falle guda ya ɓalle yana iyo. A sa ƙugiya a jawo shi, a rarraba shi bulo-bulo, motar ɗaga kaya ta ɗora a tirela. Bulo guda yakan kai ɗaruruwan kilo. Ruwan da ya fantsamo wa mutum a wando, kafin ya yi taku goma ya daskare, wandon ya sandare ƙiƙam. Gira da gashin baki kuwa fari fat, saboda tururin numfashinsa da ke daskarewa a kansu.

Da waɗannan bulolin ake gina abin da ya kai sunan Harbin ko'ina a duniya: fadoji da hasumiyoyi da gadoji na ƙanƙara zalla, masu fitilu a cikinsu, waɗanda miliyoyin mutane ke zuwa kallo kowane hunturu, su kuma narke su koma ruwa a watan Maris. Mafi yawan baƙi abin da ke kawo su ke nan, kuma ya cancanci tafiyar. Amma wanda ya zo ya kalli ƙanƙara kawai ya juya, ya bar rabin birnin bai gani ba, kuma rabin da ya bari ɗin shi ne wanda ba ya narkewa.

Harbin shi ne babban birnin lardin Heilongjiang, can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar Sin, lardin da ya yi doguwar iyaka da Rasha. 'Yan kasuwarmu da ke zirga-zirgar Guangzhou da Yiwu sun san wata ƙasar Sin mai zafi da gumi; daga Guangzhou zuwa Harbin kuwa kusan kilomita 2,800 ne, tafiyar sama da awa huɗu a jirgin sama, kuma in an sauka a watan Janairu sai mutum ya rantse wata duniyar ya shigo. Matsakaicin yanayin watan yana wajen digiri 18 ƙasa da sifili, wato daidai da cikin firizar da ake ajiye nama, da dare kuma yakan gangara zuwa 25 ko 30. Kogin Songhua da birnin ke zaune a bakinsa ya taso ne daga duwatsun Changbai da ke iyakar Koriya, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,900 kafin ya zuba a kogin Amur. Daga Nuwamba zuwa Afrilu a daskare yake.

Yankin yana da tsohon tarihi. A Acheng, wanda yau yake cikin gundumomin Harbin, wani shugaban ƙabilar Jurchen mai suna Wanyan Aguda ya kafa daular Jin a 1115, daular da ta zo ta mamaye arewacin ƙasar Sin. Daga zuriyar Jurchen ɗin ne Manchu suka fito, waɗanda suka kafa daular Qing, suka kuma daɗe suna hana Sinawan kudu zuwa zama a ƙasar kakanninsu. Shi ya sa har kusan ƙarshen ƙarni na 19, wurin da Harbin yake yau ƙauyuka ne na masunta da manoma a bakin kogi.

Layin dogo ne ya haifi birnin. Rasha ta riga ta karɓe ƙasashen da ke arewa da kogin Amur a 1858, ta ƙara da na gabas a 1860, ta kafa tashar jiragen ruwa ta Vladivostok. Da ta tashi shimfiɗa layin dogon da zai ratsa Siberiya ya isa can, sai ta ga in ta bi ta cikin iyakarta zagaye ne mai nisa, in kuwa ta yanke ta Manchuriya, wato ƙasar Manchu ɗin, hanya ta yi sauƙi. Gwamnatin Qing a lokacin ta raunana, Japan ta ci ta da yaƙi a 1895, don haka a 1896 wakilinta Li Hongzhang ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba Rashawa izinin wucewa. A 1898 injiniyoyi suka sauka a inda layin zai tsallaka Songhua, saboda ta kogin ne jiragen ruwa za su kawo musu ƙarafa da katako. Daga nan kuma suka fitar da reshe zuwa kudu har bakin teku a Dalian da Lushun. Wurin ya zama mararraba, kuma duk inda hanyoyi suka haɗu kasuwa ba ta jiran gayyata. Gadar ƙarfen da suka gama a 1901 tana nan har yau. An daina bin ta da jirgi, mutane ke takawa da ƙafa, kuma babu inda ya fi ta daɗin tsayawa a kalli faɗin kogin.

Cikin 'yan shekaru gari ya cika da Rashawa da mutanen Foland da Yukren da Yahudawa da Armeniyawa da Tatar, ga kuma dubban Sinawa 'yan ci-rani daga lardunan Shandong da Hebei da suka zo leburanci. Baƙin suka zauna a ɓangaren da suka tsara da faffaɗan tituna, Sinawa talakawa suka cunkushe a Fujiadian, unguwar da yau ake kira Daowai, a ɗaya gefen layin dogo. Tashar jirgin ma ta shiga tarihi da wuri: a kan dandamalinta ne, ranar 26 ga Oktoban 1909, wani ɗan kishin Koriya mai suna An Jung-geun ya harbe Ito Hirobumi, firaministan Japan na farko kuma tsohon wakilinta mai mulkin Koriya. Akwai ɗakin tunawa da An a tashar.

Shekara guda bayan haka annoba ta sauka, kuma labarinta ya kamata kowa ya sani, domin abin da aka koya a Harbin ya shafi duk wanda ya ɗaura takunkumi a zamanin korona. Zuwa 1910 farashin fatar wata dabbar daji dangin kurege, da ake kira tarbagan, ya tashi a kasuwannin Turai. Mafarauta sababbin shiga suka cika dajin iyakar Mongoliya, suna kama har da dabbobin da ba su da lafiya, waɗanda tsofaffin mafarauta ba sa taɓawa. Cutar ta kama su, jirgin ƙasa ya kwaso ta zuwa Harbin, ta faɗa Fujiadian inda mutane ke kwana jiki da jiki a ɗakunan da aka toshe saboda sanyi. Wanda ya kamu sai ya fara tari da jini, cikin kwana biyu ko uku ya cika, kuma kusan babu mai tashi.

Gwamnati ta aiko wani matashin likita, Wu Lien-teh, haifaffen Penang ta ƙasar Malaya, wanda ya yi karatu a Kambirij. Ya iso a watan Disamba, ya binciki gawa, ya gano cewa wannan cutar a huhu take, kuma ta numfashi take yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saɓanin abin da manyan likitocin Turai suka ɗauka na cewa ɓeraye da ƙumansu ne. Ya haɗa takunkumi da auduga da bandeji, ya ce kowa ya ɗaura. Wani likita Bafaranshe, Gérald Mesny, ya raina maganar, ya shiga ɗakin marasa lafiya fuska a buɗe. Cikin 'yan kwanaki ya mutu. Daga nan babu wanda ya sake musu. Wu ya sa aka tsayar da jiragen ƙasa, aka raba unguwar Fujiadian gida huɗu, aka killace waɗanda ake zargi a cikin taragu. Sauran matsala ɗaya: ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa kabari, akwatunan gawa sun yi layi a fili. Ƙona gawa abin ƙyama ne ƙwarai a al'adar Sinawa, sai da ya nemo izini daga fadar sarki, a ƙarshen Janairun 1911 aka ƙone sama da gawa 2,000. Zuwa watan Maris annoba ta lafa, bayan ta ci rayuka kusan 60,000 a Manchuriya. Makarantar likitoci da ya kafa ita ce tushen Jami'ar Likitanci ta Harbin ta yau.

Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, waɗanda suka guje wa 'yan gurguzu suka kwararo, har Rashawan Harbin suka haura 100,000 a shekarun 1920, Yahudawa kuma suka kai wajen 20,000. Sun zo da makarantu da jaridu da gidajen biredi da makaɗa. Abin da suka bari shi ne fuskar tsakiyar birnin. Babban titin Zhongyang, mai tsawon mita 1,450, an shimfiɗa masa duwatsu a 1924, ƙananan duwatsu masu siffar bulo da aka kafa a tsaye. Ƙafafun shekara ɗari sun goge su har suna sheƙi, kuma in dusar ƙanƙara ta zuba a kansu santsinsu sai a hankali. Hagu da dama gine-gine ne irin na Turai, cikinsu har da otal ɗin Modern da wani Bayahude, Joseph Kaspe, ya gina. A bakinsa za ka tarar da layin mutane sanye da manyan riguna suna sayen askirim mai tsinke a cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, ana miƙo shi daga kwali a fili, tunda iskar waje ta ishe shi. Kaɗan daga nan cocin Sofiya take, da jan bulo da koriyar ƙubba mai tsayin mita 53, wadda aka gama a 1932. Ta yi shekaru tana zaman rumbun ajiyar kaya, gidaje sun kewaye ta, sai a 1997 aka gyara ta aka mai da ita gidan tarihin gine-gine. Ita ta yi sa'a. Cocin Nikolas ta katako, wadda ta fi ta tsufa, matasan juyin al'adu na ƙasar Sin suka rushe ta a 1966.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da jagororin yawon buɗe ido ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne na Musulmi. Cikin 'yan ci-ranin da suka zo daga Shandong da Hebei akwai 'yan ƙabilar Hui, Musulmi masu magana da Sinanci, waɗanda suka yi suna a fawa da sayar da abinci. Sun kafa masallacinsu a Daowai a 1897, wato kafin injiniyoyin Rasha su sauka, aka sake gina shi a 1935, kuma shi ne babban masallacin birnin. A Acheng akwai wanda ya girme shi, tun ƙarni na 18, mai rufi irin na fadojin Sin. Su kuwa Tatar, Musulmin kogin Volga da suka biyo layin dogo, sun fara da masallacin katako, sannan a shekarun 1920 suka ɗaga na bulo mai doguwar hasumiya don tunawa da cika shekara dubu da musuluntar kakanninsu a 922. Sai 1937 suka kammala. Jama'ar Tatar ɗin sun watse zuwa Turkiyya da Amurka da Ostareliya, ginin yana nan tsaye. Duk lokacin da na tuna da mutanen da suka yi shekara goma sha biyar suna tara kuɗi a ƙasar da ba tasu ba don su gina wa Allah ɗaki, sai in ji girmansu ya ƙaru a raina.

Unguwar Daowai kanta abin gani ce. Attajiran Sinawa da suka yi arziki suka kwaikwayi adon gine-ginen Turawan da ke tsallaken dogo, amma suka cika shi da zanen jemage da inabi da furanni na al'adarsu, a bayan kowane gini kuma tsakar gida irin ta Sinawa mai matakalar katako. Nan ne ƙananan gidajen abinci suke, kuma a kewayen masallaci ne baƙo Musulmi zai ci ya ƙoshi hankali kwance. Wannan magana tana da muhimmanci, domin fitattun abincin Harbin guda biyu, jan tsiran nan da aka gada daga Rashawa da soyayyen nama mai zaƙi da tsami da ake kira guobaorou, na alade ne. A nemi shagon da ya manna alamar halal, galibi a koren allo, wani lokaci da rubutun Larabci. Babban biredin nan mai tsami da ake kira dalieba, wanda guda ɗaya ke kai kilo biyu, shi ma gadon Rashawa ne.

A Fabrairun 1932 sojojin Japan suka shiga Harbin, birnin ya koma ƙarƙashin ƙasar jeka-na-yi-ka ta Manchukuo. A 1935 Tarayyar Sobiyet ta sayar musu da layin dogon, Rashawa da Yahudawa suka fara ficewa. A Pingfang, kimanin kilomita 20 kudu da tsakiyar gari, wani likitan soja, Ishii Shiro, ya kafa Runduna ta 731, aka ce wa jama'a sashen tsabtace ruwa ne da rigakafin cututtuka. Abin da ake yi a ciki shi ne gwajin makaman ƙwayoyin cuta a jikin mutane masu rai, akasarinsu Sinawa, da Rashawa da Koriyawa, har da mata da yara. Ana sa musu cutar annoba da kwalara, ana feɗe su ba tare da maganin kashe zafi ba. Sanyin nan da ake zuwa yawon kallo yau, shi ma sun mai da shi kayan aiki: a fitar da fursuna waje, a zuba masa ruwa a hannu har ya daskare, don a ga yadda za a yi jinyar sojan da sanyi ya cinye wa gaɓa. Mutum aƙalla 3,000 suka mutu a wurin, ban da dubban da aka kashe da cututtukan da aka watsa a garuruwa. Da Japan ta ga faɗuwa a Agustan 1945, suka kashe sauran fursunonin, suka tarwatsa gine-ginen da nakiya. Sobiyet ta hukunta mutum 12 a Khabarovsk a 1949, amma Amurka ta ba Ishii da manyan abokansa kariya don ta karɓi sakamakon binciken, ya mutu a kan gadonsa. Kangon wurin yana nan, da ragowar bututun hayaƙin ɗakin tukunya, da gidan tarihin da aka buɗe sabon gininsa a 2015. Wuri ne mai nauyi a zuciya, amma a ganina bai dace a yi kwana huɗu a Harbin ana ɗaukar hoto ba a ba shi ko rabin yini ba.

A Afrilun 1946 'yan gurguzun Sin suka karɓi Harbin, babban birni na farko da ya shiga hannunsu. A shekarun 1950 aka cika shi da manyan masana'antu da taimakon Sobiyet, na tukwanen tururi da injinan samar da lantarki da jiragen sama, Jami'ar Fasaha ta Harbin da aka kafa tun 1920 kuma ta zama cikin na gaba a ƙasar. Kogin ma bai bar su sun huta ba: ya cinye gari a ambaliyar 1932, ya sake yunƙurowa a 1957, jama'a suka fito suka tare shi da buhunan ƙasa. Hasumiyar da aka gina a 1958 don tunawa da haka tana ƙarshen titin Zhongyang, a jikinta an yi alamar inda ruwa ya kai, har da na 1998 da ya zarce na baya.

Wasan ƙanƙara ya samo asali ne daga dabarar talaka. Masunta da manoma kan cika bokiti da ruwa su ajiye a waje, in gefen ya daskare sai su zubar da ruwan tsakiya, su sa kyandir a ciki; iska ba ta kashe shi, haske kuma yana fitowa. A 1963 hukumomin birni suka shirya baje kolin irin waɗannan fitilu a lambun Zhaolin, juyin al'adu ya dakatar da shi, sannan a 5 ga Janairun 1985 aka buɗe bikin ƙanƙara na shekara-shekara. Babban filin da ake kira Duniyar Ƙanƙara da Dusa ya fara a 1999. Dubban magina ke gina shi cikin makonni kaɗan, dare da rana. Ba sa amfani da siminti: a goge fuskar bulo ta yi sumul, a ɗora a kan ɗan'uwansa, a zuba ruwa a tsakani, sanyi ya ɗinke su. Ana sassaƙa rami a cikin bulon a zura fitila kafin a rufe. An fi son ƙanƙarar Songhua saboda ruwa mai gudu ne, yana daskarewa garau ba kumfa. A hunturun 2023 zuwa 2024 filin ya kai murabba'in mita 810,000, aka yi amfani da ƙanƙara da dusa kimanin kubik mita 250,000, da hasumiya mai tsayin sama da mita 40, da sulalen ƙanƙara mai tsawon sama da mita 500. A tafi da la'asar, a ga gine-ginen da hasken rana suna ɗaukar ido, a tsaya har a kunna fitilu. A tsibirin Rana da ke tsallaken kogi kuma sassaƙar dusa ake yi, fara ƙal, wadda ta fi kyau da rana.

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗokin da Harbin ke yi da baƙi yana da dalili. Tun daga shekarun 1990 da aka yi wa masana'antun gwamnati garambawul, ɗimbin ma'aikata suka rasa aiki, matasa suka yi ta gudu kudu. Ƙidayar 2010 ta sami mutum miliyan 38 a Heilongjiang, ta 2020 ta sami ƙasa da miliyan 32. Harbin da kewayensa sun tsaya a wajen miliyan 10. Lardin yana da baƙar ƙasa mai albarka, yana ciyar da Sin da masara da waken soya da shinkafar Wuchang mai suna, amma noma ba ya riƙe matashi mai digiri. Saboda haka da hotunan birnin suka bazu a kafofin sada zumunta a ƙarshen 2023, mutanen gari suka riƙe damar da hannu biyu. A ranar buɗe filin ƙanƙara layi ya yi tsawo, mutane suka fusata suka nemi a mayar musu da kuɗinsu; aka ba da haƙuri a bainar jama'a, aka mayar, wannan kuwa ya ƙara wa birnin farin jini. Masu motoci suka riƙa ɗaukar baƙi kyauta, aka kafa ɗakunan ɗumi a bakin titi, ana raba shayin citta. Baƙin da suka zo daga kudu, dunƙule cikin manyan riguna, aka laƙaba musu sunan ƙauna, ƙananan dankalin kudu. A hutun kwana uku na sabuwar shekarar 2024 birnin ya karɓi baƙi miliyan 3, suka kashe yuwan biliyan 5.9. A Fabrairun 2025 ya karɓi gasar wasannin hunturu ta Asiya, karo na biyu bayan ta 1996.

Wannan karamci ba ado ba ne na talla kawai. Mutanen arewa maso gabashin Sin an san su da sakin fuska da barkwanci da cika kwano. Je ka kasuwar safe ta titin Hongzhuan ka gani: kifi a tsaye cikin kwando ya sandare, tururi na tashi daga tukwanen madarar waken soya, ga wani ɗan itace dangin tuffa da ake bari ya daskare har ya yi baƙi ƙirin, a jiƙa shi a ruwan sanyi ya saki, a huda fatar a zuƙe ruwan. A bakin kogi kuma dattawa sun fasa ƙanƙara sun yi tafki, suna tsunduma a ciki da gajeren wando.

Birnin yana da nasa aibu. Ɗumama gidaje na kusan wata shida, daga Oktoba zuwa Afrilu, ya dogara ƙwarai da kwal, kuma a Oktoban 2013 hayaƙi ya rufe gari har aka kulle makarantu da filin jirgin sama. A Nuwamban 2005 wata masana'antar sinadarai ta fashe a birnin Jilin, guba ta gangaro Songhua, aka rufe famfon Harbin na kwanaki. Gandun damisar Siberiya da ake kai baƙi ya taimaka wajen hayayyafar dabbar, amma sayar wa baƙo kaza mai rai don ya jefa wa damisa ya yi kallo, wannan ban ga alheri a cikinsa ba.

Sauran lokutan shekara ba su da hayaniya, kuma wanda ba ya jure sanyi su ne nasa. A Afrilu ƙanƙara ke fashewa, manyan faifai suna gangarawa suna karo da juna, mutane su fito kallo, a yi rububin kifin farko. A Mayu furen lilak, wanda birnin ya ɗauka alamarsa, ke cika tituna da ƙamshi. Yuli da Agusta yanayi na wajen digiri 23, Sinawan kudu na zuwa gudun zafi, iyalai na tsallakawa tsibirin Rana da abincinsu, ana kuma bikin kiɗa na bazara da aka fara tun 1961, a birnin da ƙungiyar makaɗansa ta samo asali tun 1908. Kaka gajeriya ce, Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Masu son gudu a kan dusa kuma Yabuli suke nufa, wajen kilomita 200 kudu maso gabas.

Wanda ya yi niyyar zuwa a hunturu, kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai ya shirya. Kaya hawa-hawa ake sawa, na ciki mai kama jiki, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska, da takalmi mai kaurin tafi, da hular da ke rufe kunne, da safar hannu biyu. Gara a sayi na wajen a Harbin ɗin, sun fi sanin sanyinsu. Batirin waya na mutuwa cikin mintuna in an bar ta a fili, a ajiye ta a aljihun ciki. Kada a taɓa ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu. A yi alwala a masauki a bushe sarai kafin a fita, a kuma lura da lokaci: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa, a Yuni kuwa kafin ƙarfe huɗu na asuba rana ta fito. Daga Beijing jirgin ƙasa mai sauri na kai mutum cikin kimanin awa biyar. Filin ƙanƙara na buɗewa daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma a guji makon sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da kuɗin masauki ke ninkawa.

Shawarata ga mai karatu, musamman ɗan kasuwar da ya saba tsayawa a Guangzhou da ɗalibin da ke karatu a wani birnin Sin, ita ce ya ware kwana huɗu a tsakiyar Janairu: dare ɗaya na ƙanƙara, yini ɗaya na titin Zhongyang da gadar ƙarfe, safiya ɗaya ta Pingfang. Ya kuma tsara tafiyar ta haɗa da Juma'a, ya yi sallah da 'yan'uwansa a masallacin Daowai.